Tsadar abin sha a gidajen giyar Ayalan: wanda ba ya sha ne ya fi ji a jika

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ƙasar Ayalan, wato tsadar abin sha a gidajen giya. Na san wasu masu karatu za su ce ina ruwanmu da wannan magana, tunda akasarinmu ba ma kusantar barasa. Sai dai a wannan ƙasa gidan giya ya wuce wurin shaye-shaye kawai, domin a nan ake yi wa abokin aiki liyafar bankwana, a nan ake kallon wasan ƙwallo, a nan dangi ke haɗuwa su ci abinci bayan an dawo daga jana'iza, kuma a ƙauyuka da dama shi kaɗai ne wurin zama da ke buɗe bayan faɗuwar rana. Saboda haka wanda ba ya sha ma yakan tsinci kansa a ciki riƙe da kofin lemo, kuma a ganina shi ne aka fi ƙwara a wannan ciniki, alhali ba a cika jin an ambace shi ba.

Ma'aunin da ake auna tsada da shi a nan shi ne babban kofin giya mai cin mililita 568, musamman na baƙar giyar Guinness, wadda ake dafawa a St James's Gate da ke Dublin tun shekarar 1759. Matsakaicin kuɗin wannan kofi a faɗin ƙasar ya kai wajen yuro 6 a 'yan shekarun nan, a ƙauyukan yamma ana samunsa ƙasa da haka, a unguwar Temple Bar ta Dublin kuwa, inda baƙi masu yawon buɗe ido ke cincirindo, ya kai wajen yuro 10, wasu nau'o'in ma sun haura. Duk lokacin da wani ya ɗauki hoton rasit daga wannan unguwa ya watsa, sai jaridu da gidajen rediyo su yi kwana biyu suna tattaunawa, sannan ƙura ta lafa har zuwa ƙarin kuɗi na gaba.

Ƙungiyoyin masu gidajen giya guda biyu, LVA da ke wakiltar na Dublin da VFI da ke wakiltar na sauran ƙasar, suna ɗora laifin galibi a kan haraji, kuma duk shekara kafin a gabatar da kasafin kuɗi a watan Oktoba sai sun nemi a rage shi. Akwai ƙamshin gaskiya a kukansu, don harajin barasa na Ayalan yana cikin mafi tsanani a Tarayyar Turai. Amma lissafin yana da sauƙi ga duk wanda ya so ya yi shi. Harajin barasa a kan babban kofin Guinness santi 54 ne ko kusa da haka, kuma ba ya canzawa ko a ina aka sayar da kofin. Harajin VAT kashi 23 cikin ɗari ne, wanda a kan kofin yuro 6 ya kama yuro 1 da santi 12. Idan aka haɗa biyun, rabon gwamnati bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, a kan kofin yuro 10 kuwa bai ma cika rubu'i ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, rabon da a ƙara harajin barasa tun kasafin kuɗin da aka gabatar a Oktoban 2013. Harajin da ya shafe fiye da shekara goma bai motsa ba, ba shi ne zai zama sanadin hauhawar da aka gani daga 2022 zuwa yau ba.

Sanadin yana wasu wuraren. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar giyar famfo, wato wadda ake zubawa daga ganga: Diageo, wanda ya mallaki Guinness tun haɗewar kamfanoni da ta samar da shi a 1997, da Heineken, wanda ke dafa Murphy's da Beamish a birnin Cork. Diageo ya ƙara kuɗin da yake sayar wa masu gidajen giya sau biyu a 2023, ya sake ƙarawa a 2024, ya kuma ƙara a 2025, kuma 'yan santin da aka ƙara a bakin ganga sukan ninka kafin su iso kan kanta, saboda VAT yana hawa kansu, mai gida kuma yana son ribarsa ta tsaya yadda take. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga yuro 10.50 a awa a 2022 zuwa yuro 13.50 a 2025, abin da ni dai ba zan yi ƙorafi a kansa ba, ganin yadda kuɗin hayar ɗaki yake a Dublin. Kuɗin wuta da na gas sun yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, ga inshora, ga kuɗin tashoshin wasanni da ake nunawa a talabijin, sannan a watan Satumban 2023 aka mayar da VAT na abincin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare daga kashi 9 zuwa kashi 13.5.

Ba na cikin masu cewa duk mai gidan giya mahandami ne. Fiye da gidaje 2,000 ne suka rufe tun daga 2005, wato kusan ɗaya cikin kowane huɗu, kuma yankunan karkara ne suka fi asara. Dalilan sun girmi tsadar yau. An hana shan taba a wuraren aiki a watan Maris na 2004, an fara tsayar da direbobi ana gwada numfashinsu ba tare da wani zargi ba a 2006, an rage adadin barasar da doka ta yarda a samu a jinin direba a 2011, sannan annobar korona ta rufe ƙofofi a watan Maris na 2020. Su kansu mutanen ƙasar sun rage sha: abin da baligi guda ke sha a shekara ya sauko daga wajen lita 14 na zallar barasa a 2001 zuwa ƙasa da lita 10. Dokar mafi ƙarancin farashi da ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta hana sayar da giram ɗaya na barasa ƙasa da santi 10, kantuna ta shafa, domin farashin gidan giya tun can ya yi wa wannan iyaka fintinkau.

To, a cikin wannan hali na raguwar masu sha, sai a yi zaton za a yi wa wanda ba ya sha tarba ta musamman, tunda shi ne abokin cinikin da ke ƙaruwa. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Lemon da ake kawo wa mutum a mafi yawan gidajen yana zuwa ne a 'yar ƙaramar kwalba mai cin mililita 200, a zuba masa a dogon kofi cike da ƙanƙara da yankan lemon tsami, ya kurɓa sau uku ko huɗu ya ga ƙanƙara kawai ta rage. Biyan yuro 3 a kan wannan kwalba ba abin mamaki ba ne a Dublin. Idan aka yi lissafi, lita ɗaya ta kama yuro 15 ke nan, alhali lita ɗaya ta giyar da ake sayar da kofinta yuro 6 ba ta kai yuro 11 ba. Lemon nan babu harajin barasa a kansa ko na santi ɗaya. Harajin sukari da aka kawo a watan Mayun 2018 santi 30 ne a kan lita ga lemon da ya fi zaƙi, wato santi 6 kacal a kan wannan 'yar kwalba. Duk hujjar da ake kafawa da nauyin haraji idan ana maganar giya, a nan ba ta da wurin tsayawa.

Haka zancen yake ga giyar da aka cire wa barasa, irin su Guinness 0.0 da Heineken 0.0, waɗanda kasuwarsu ke bunƙasa a tsakanin matasa da masu tuƙi. Ba a biyan harajin barasa a kansu, amma bambancin kuɗinsu da na ainihin giyar sau da yawa ɗan kaɗan ne. Kamfanonin suna cewa sai an dafa giyar cikakkiya tukuna kafin a tace barasar, don haka aikin ya fi yawa, kuma wannan gaskiya ne. Tambayar da ta rage ita ce ko wannan ƙarin aiki ya cinye dukkan santi 54 ɗin da gwamnati ta yafe, ko kuwa wani ɓangare nasa yana maƙalewa a hanya tsakanin masana'anta da kanta.

Al'adar zagaye kuma tana ƙara wa lamarin nauyi. Idan mutum biyar suka zauna a teburi guda, kowa zai tashi bi da bi ya saya wa kowa abin da yake sha, kuma wanda ya zame kafin layi ya zo kansa ya jawo wa kansa sunan marowaci da zai daɗe yana bin sa. Mai shan lemo da ya shiga wannan zagaye zai biya kuɗin manyan kofuna huɗu da 'yar kwalbarsa, kusan yuro 27 a bugu ɗaya, a madadin lemon yuro 15 da zai sha a duk zaman. Ga Musulmi matsalar ta wuce ta aljihu, tunda saya wa wani barasa ma abin gudu ne, shi ya sa mafita ita ce mutum ya faɗa tun kafin a fara cewa shi zai riƙa sayen nasa da kansa. Mutanen ƙasar suna karɓar wannan ba tare da ɓacin rai ba idan aka faɗe shi da wuri, kuma ƙin shan giya ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin ƙungiyar masu ƙaurace wa barasa ta Pioneer a Dublin aka kafa ta tun 1898.

Masu gidajen suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta: ba ruwan da ke cikin kwalba kawai ake biya ba, ana biyan kujera da ɗumin ɗaki da ma'aikacin da ya wanke kofi, kuma wanda ya zauna awa biyu da lemo ɗaya ya tare wurin da wani zai kashe ninkin kuɗinsa. Na yarda da wannan har zuwa wani mataki. Inda na rabu da su shi ne, gwamnati tana kashe kuɗi tana roƙon jama'a kada su yi tuƙi bayan sun sha, amma direban da ya bi wannan kira ya kai abokansa gida lafiya shi ne ke biyan mafi tsada a kan kowace lita. A lokacin Kirsimeti kamfanin Coca-Cola yakan gudanar da wani shiri na ba irin waɗannan direbobi lemo kyauta a gidajen da suka shiga shirin, abin da ke nuna cewa 'yan kasuwar sun san da matsalar, sai dai sun mayar da maganinta na wata guda a shekara.

Akwai doka tun 1999 da ta wajabta wa kowane gidan giya ya liƙa jerin farashinsa inda mai shigowa zai gani, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta CCPC ce ke sa ido a kan bin ta. A wurare da yawa takardar tana nan, amma da ƙananan haruffa a wani lungu kusa da ƙofa, inda riguna da laimomin ruwan sama suka rufe ta. Kirana ga hukumar shi ne ta matsa a fito da wannan jeri fili, a kuma rubuta kuɗin lita ɗaya kusa da kowane abin sha kamar yadda manyan kantuna ke yi a kan shiryayye. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke zuwa wannan ƙasa kuwa, shawarata ita ce su duba jerin kafin su yi oda, su tambayi girman kwalbar, kuma su sani cewa babban kofin ruwa da aka ɗiga wa ɗan MiWadi, wani ruwan zaƙi mai ɗanɗanon 'ya'yan itace da ake sirkawa da ruwa, ya fi lemon kwalba araha a kusan ko'ina.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku,
Dublin, Ayalan