Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan sassaƙen Eket

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A taron baje kolin zane-zane na makon jiya ka miƙe a gaban jama'a ka ce wani dillali ya kawo maka mutum-mutumin katako, ya rantse tsohon sassaƙen Eket ne, ka tambaye ni ko ka saya ka ajiye, tunda ka ji Turawa na zuba kuɗi a kan irinsa. Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda ya kamata ba. Ga amsata: kada ka saya, sai ya faɗa maka daga hannun wa ya fito, da shekarar da ya bar garinsu.

Ban ga laifinka ba da abin ya shiga ranka. Mutanen Eket, dangin Ibibiyo ne a jihar Akwa Ibom, bakin kogin Kwa Ibo, kuma hannun masassaƙansu ba ya ɓuya. Babban kai zagayayye kamar ƙwarya, dogon wuya, idanu kamar jinjirin wata, ƙafafu a ɗan lanƙwashe sai ka ce yanzu zai taka rawa. Da ma na rawa ne. Mafi shahara a cikinsu, Ogbom, a bisa kai ake ɗaura shi a yi wasan girmama abin bautarsu na ƙasa, don neman haihuwa da albarkar gona. Akwai kuma fuskokin dodanni masu faɗi, zagayayyu kamar faifai. Ranar da na fara tsayawa a gaban na ainihi, na daɗe ban motsa ba.

To amma na ainihin kaɗan ne ƙwarai. Gara da damshin kurmi ba sa barin katako ya tsufa. Tun da mishan ta Kwa Ibo ta sauka a Ibeno, wani gari a bakin teku kusa da Eket, a 1887, masu shiga Kiristanci suka riƙa watsar da kayan gargajiya, wasu ma suka ƙona. Sannan a 1979 wani masani mai suna François Neyt ya fitar da littafi a Faris kan sassaƙen Eket, sunan ya yi tashe a kasuwa, masu kwaikwayo suka samu hotunan da za su duba. Ana sassaƙa sabo, a turara shi da hayaƙi, a shafa manja da toka, a binne shi kusa da suri gara ta ɗan ci ƙafarsa. Bayan wata kaɗan ya zama “na kakanni”. Fatakenmu Hausawa sun daɗe cikin wannan fatauci, daga Legas har Lome da Abijan, kuma su da kansu sun san dabarun nan sarai.

Mu ƙaddara ma na gaske ne. Nan abin ya fi damuna. Dubi abin da ya sami maƙwabtansu na Oron. Wani Baturen Ingila mai kula da kayan tarihi a Najeriya, Kenneth Murray, ya tattara sassaƙen kakanninsu, Ekpu, sama da 600, aka buɗe musu gidan tarihi a 1959. Yaƙin basasa ya zo daga 1967 zuwa 1970, aka wawashe su, abin da ya rage ɗari da 'yan kai ne. Wasu daga cikin waɗanda suka ɓace sun ɓulla a hannun masu tara kaya a Turai. Tsohon katakon da ba shi da takarda daga wannan yanki, akwai yiwuwar ta irin wannan hanya ya fito. Doka ma ba ta yi shiru ba: tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, cinikin kayan tarihi da fitar da su waje sai da izininta. Ribar da kake hange a gwanjon Faris ba za ta samu ba, domin manyan masu gwanjo sukan fara da tambayar tarihin kaya kafin su dubi kyansa.

Idan sassaƙar ce kake so, ka je garin Ikot Ekpene da ke jihar Akwa Ibom ɗin. Masassaƙa na nan da ransu, suna aiki. Ka zauna da mai aikin, ka biya shi farashin da ya dace, ka rubuta sunansa da garinsu da shekarar a ƙasan katakon. Daga nan ka zarce Oron ka ga Ekpu ɗin da suka tsira.

Shi kuwa dillalin, ka ce masa ku je gidan tarihi tare a duba kayan, ka ga ko zai yarda.

Wassalam,
ɗan'uwanka.