Godiya ga kamfanin da ke karɓar mana kuɗin kati a shagonmu na intanet

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ke karɓar mana kuɗin kwastomomi, musamman sashen kula da 'yan kasuwa.

A fili nake so in yi godiyar nan, don duk mai sayar da kaya ta intanet ya san har yanzu akwai inda ake ganin ƙaramin ɗan kasuwa da mutunci. Ni dai gaskiya na riga na fid da rai kafin in zo wajenku.

Inda muka baro, ba zan kama suna ba, mun sha wuya ba kaɗan ba. Kwastoma zai zaɓi kaya ya sa katinsa, shafin ya tsaya yana ta juyawa, a cire masa kuɗi a asusu, mu kuma a ɓangarenmu ba alamar komai ya shigo, sai ya dawo kanmu da faɗa yana turo hoton rasit, kai kuma ba ka da hanyar tabbatarwa tunda hoton rasit kowa na iya haɗa shi a waya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da aka riƙe mana kuɗin ciniki gaba ɗaya wai ana bincike, ba a ce ga laifinmu ba, ba a ce ga takardar da za mu kawo ba. Ka tura imel a maido maka da amsar da na'ura ta rubuta, ka buga waya a bar ka da kiɗa a kunne har ka gaji ka kashe. Masu ba mu kaya na jiran kuɗinsu, kwastomomi na jiran kayansu, wallahi barci ma sai ɓarawo a lokacin.

Rajista a wajenku ba ta ba mu wahala ba, an karɓi takardu an duba an haɗa mu, kuɗi na shiga asusu ranar da aka ce. Wannan aikinku ne kun yi shi.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun wata baiwar Allah ce a sashenku. Wata safiya na buɗe shafin cinikinmu na tarar da jerin ƙananan biya an yi ta gwadawa cikin dare, kati daban daban, kusan duk an ƙi su. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan za a sake rufe mu. Kafin ma in nemi kowa ita ta kira ni. Ta ce ranka ya daɗe ka kwantar da hankalinka, ba kai ake zargi ba, ɓarayi ne suka samo lambobin katin mutane suke gwada su da ɗan ƙaramin kuɗi a shaguna irin naka don su gane wanne ke aiki kafin su je su kwashe mai yawa a wani wuri. Ba ta ajiye waya ba sai da muka taƙaita yawan gwajin da mutum ɗaya zai iya yi, muka sa akwatin nan da ke tantance mutum ne ko na'ura, sannan ta kunna mana 3D Secure a kan kowane ciniki, wato bankin mai katin zai turo masa OTP, lambar sirrin nan da ake amfani da ita sau ɗaya, ko ya amince a manhajar bankinsa kafin kuɗi ya fita. Ta kuma ce idan ciniki ya bi ta wannan hanyar daga baya aka ce na sata ne, galibi asarar kan bankin da ya ba da katin take komawa. Ba wanda ya taɓa zama ya yi mini wannan bayanin, ko ɗaya.

Na tambaye ta batun kwastomomin da ke cewa bari su turo hoton katinsu ta WhatsApp mu cire da kanmu. Ta ce kul, kar mu yarda ko da kwastoman ya nace. Akwai ƙa'idar tsaron bayanan kati mai suna PCI DSS da kamfanonin kati Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB suka fito da ita tun 2004, a ƙarƙashinta ba a yarda ɗan kasuwa ya adana lambobi 3 ɗin nan na bayan kati bayan an gama ciniki ba. Shi ya sa a tsarinku cikakkiyar lambar kati ba ta sauka a kwamfutarmu, lambobi 4 na ƙarshe kawai muke gani, sauran an musanya su da wata lamba da ba ta da amfani a hannun ɓarawo. Amanar mutane ce fa, kuma na ji sauƙi da na san ba a wuyana take rataye ni kaɗai ba.

Shi ne nake mamakin wasu wuraren. Har yau za ka ga shafi na neman lambar kati alhali ko https, alamar cewa ana ɓoye bayanan da aka tura, babu a adireshinsa. Za ka ga kamfani ya tallata caji ɗaya, ƙarshen wata ka tarar an yi ta yankar wasu da ba a taɓa ambata ba. Kwastoma ya kai ƙara banki cewa kaya bai iso ba, a zare kuɗin daga asusunka tare da tara ba tare da an ce kawo shaidar isar da kaya ba, alhali kana da ita a hannu. Manyan shaguna ana ba su ma'aikaci na musamman, mu ƙanana kuwa sai dai mu yi ta magana da na'ura. To ai mu ma caji ake cira a kowane cinikinmu, me ya sa za a riƙa yi mana haka?

Roƙona ga shugabanninku, don Allah ku duba rikodin kiran nan ku gano ma'aikaciyar ku yaba mata, ta cancanta. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa zuri'arki albarka. Ku kuma Allah ya ƙara buɗi ya tsare ku daga sharrin macuta.

Naku,
mai ƙaramin shago a intanet