In Jirgin Ruwa Ya Tashi Ya Bar Ka A Bakin Teku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in ja hankalin masu karatu a kan wata harka da masu hali a cikinmu suka fara sawa cikin hutunsu, wato hawan manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Dubai ko Jidda ko Barcelona, su kwana suna tafiya, gari ya waye musu a wata ƙasar. Masu sayar da tikiti suna kwarzanta abinci da ɗakuna masu kallon teku. Abin da ba kasafai suke faɗa ba shi ne halin da mutum zai shiga in ya sauka zaga gari, ya dawo ya tarar da gurbin jirgi ba jirgi.

Mu mun saba da motar tasha. Sai ta cika take tashi, in kuma fasinja ya tafi kama ruwa ko sayen tsire, direba zai yi ta danna oda har ya dawo. Lissafin jirgin ruwa dabam ne. An riga an yanka masa sa'ar da zai bar gurbi don wani ya shiga. An yi alkawari da jagoran tasha, wanda ke hawa ya fitar da shi daga mashiga, da ƙananan jiragen da ke jan sa. A wasu tashoshin sai teku ta cika ake iya fita. In ya ɓata awa guda, dole ya ƙara gudu da dare, man da zai ƙona kuma ba na wasa ba ne. Kyaftin ba zai ɗora wa mutum dubu uku wannan ba saboda mutum biyu sun tsaya ciniki.

A ranar 27 ga Maris 2024, jirgin Norwegian Dawn ya bar fasinjoji takwas a tsibirin Sao Tome, nan kusa da mu a mashigin tekun Gini. Sun fita yawo da wani kamfani na gari, suka wuce ƙarfe uku na rana da aka ba su. An bar musu fasfo ɗinsu a hannun wakilin jirgin a tasha. Suka bi shi zuwa Banjul ta Gambiya, yanayin teku ya hana shi tsayawa a can, sai a Dakar suka hau a ranar 2 ga Afrilu. Kwana shida ke nan, kuma 'yan Amurka ne da 'yan Ostireliya, masu fasfon da ƙofofi ke buɗe wa. To, ina ga mai koren fasfo?

A fara da agogo. Kullum ana rubuta lokaci biyu: sa'ar tashin jirgi, da sa'ar da dole kowa ya kasance a ciki, wadda za a ga an rubuta "All aboard" a allon da ke bakin matakalar fita. Ta biyun ce taka, kuma yawanci tana zuwa ne rabin awa kafin ta farko. A ɗauki hoton allon nan da waya kafin a taka ƙasa. Sannan a tambaya ko jirgin yana bin agogon gari ne ko nasa, domin ba kullum suke daidaita ba. Dubai da Maskat suna gaban Doha da awa guda, Girka tana gaban Italiya da awa guda, Fotugal tana bayan Sifaniya da awa guda. Waya kuwa da kanta take sauya lokaci da zarar ta kama sabis ɗin gari, ba ta neman izinin kowa. Maganin wannan shi ne agogon hannu mai allura, a saita shi da na jirgi da safe, a bar shi haka.

Inda ruwa bai kai zurfin da jirgi zai matso gaɓa ba, a tsakiyar ruwa yake tsayawa ana jigilar mutane da ƙananan jirage. A nan lokacin jirgin jigila na ƙarshe ake kiyayewa. Santorini ta Girka ta yi suna a wannan: garin Fira yana can kan dutse, saukowa sai ta motar igiya, wato wadda ke tafiya a sama rataye da igiyar ƙarfe, ko matakala kusan ɗari shida, ranar da jirage da yawa suka haɗu kuma layin motar igiyar kan cinye awa guda.

Yawon da aka saya a hannun kamfanin jirgi ya fi tsada, amma kuɗin nan alkawari ake saya da shi: in motarsu ta makara, jirgi zai jira, ko su kai mutum tasha ta gaba a kan aljihunsu. Wanda ya ɗauki tasi ko ya bi ɗan jagora na gari, jinkirinsa a wuyansa yake. A ganina, wurin da ke kusa da tasha a yi shi da kai, wuri mai nisa a biya kamfani. Takardar talla za ta ce "Rum", alhali jirgin a Civitavecchia yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga Rum. Za ta ce "Alƙahira", jirgi kuwa yana Iskandariya, tafiyar kusan awa uku. Daga Aƙaba zuwa Petra awa biyu ce, daga Safaga zuwa Luxor ta haura uku. Wanda ya nace sai ya je irin waɗannan da kansa, ya tsara isowa bakin jirgi awa biyu kafin lokaci, kuma kada ya dogara da jirgin ƙasa na ƙarshe da zai iya kai shi. Ya hau wanda akwai biyu a bayansa. Yajin aikin sufuri a Italiya da Girka ba baƙon abu ba ne. An ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma a bakin jirgin ruwa karin maganar nan juyawa take yi.

Abu biyu ke cinye wa mutanenmu lokaci a gari: kasuwa da masallaci. Cinikin gwal a Deira ta Dubai ko na atamfa da darduma a babbar kasuwar Santambul ba ya ƙarewa cikin minti goma. Ranar Juma'a kuma, kafin a yi huɗuba a idar a fito daga cunkoso, awa ta tafi. A yi sayayya da hantsi, a zaɓi masallacin da ke kusa da tasha, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka jakar fita tun dare ake haɗa ta. A ciki a sa takardar shirin rana da ake ajiye wa kowa a ɗaki, domin a jikinta ake buga suna da lambar wayar wakilin jirgi a wannan tashar, wanda ake rubutawa "Port Agent". Kowace tasha da nata wakilin, lambar jiya ba ta aiki yau. Manhajar jirgi da ke waya sau da yawa ba ta buɗewa in an rabu da intanet ɗin jirgi, saboda haka a kwafe lambar a takarda. A sa caja da batirin ajiya mai cikakken caji, da layin da zai iya kira a ƙasar, ko an buɗe wa layin gida kiran waje ko an sayi na ƙasar. A sa maganin kwana uku aƙalla ga mai hawan jini ko ciwon suga ko asma, cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita; Daular Larabawa tana tsananta bincike a kan magunguna irin su tramadol da codeine, mai shan su bisa umarnin likita ya nemi izini tun kafin ya bar gida. A sa kuɗi a hannu, dala ko yuro 200 zuwa 300 a ƙananan takardu, da katin da zai iya ɗaukar kuɗin otal da tikitin jirgin sama. Katin naira ba abin jingina ba ne a waje, bankuna sun sha rufe shi ko ƙayyade abin da za a kashe da shi; katin asusun dala ya fi. In tafiyar ta ratsa gaɓar Afirka, katin rigakafin shawara ya zauna tare da fasfo.

Shi kansa fasfon, ra'ayi ya kasu. A wasu hanyoyin jirgi ne ke karɓe shi ya riƙe saboda jami'an shige da fice. Inda aka bar wa mutum nasa, wuri biyu kawai ya kamata ya kasance: a jikinsa cikin jakar da ke ƙarƙashin riga, ko a akwatin ƙarfen da ke ɗaki. Dalili shi ne, katin da ake gogawa a ƙofa yana nuna wanda bai dawo ba, za a kira sunansa a lasifika, in shiru jami'an tsaro su buɗe akwatin nan su miƙa fasfon ga wakilin tasha kafin a janye matakala. Ba su da lokacin zazzage akwatin kaya ko ɗaga filo. Ni dai shawarata, in za a yi nisa da jirgi a tafi da shi, a bar kwafi a ɗaki, wani kwafin a waya. Wanda ya rasa fasfo gaba ɗaya, abin da ofishin jakadancin Najeriya zai ba shi takardar tafiyar gaggawa ce, ita kuma gida kawai take mayar da mutum. Hutu ya ƙare ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Muddin mutum yana cikin jerin fasinjojin jirgi, wasu ƙasashen suna barin sa ya zaga garin tasha a ƙarƙashin inuwar jirgin. Dokar Turkiyya, alal misali, ta ba da irin wannan dama har awa 72. Da jirgi ya ɗaga, inuwar ta tafi da shi. Yanzu mutum baƙo ne da zai kwana a otal, ya bi ta filin jirgin sama, ya shiga wata ƙasa ta ƙofar da kowa ke bi. Mai bizar Shengen, wato ta haɗakar yawancin ƙasashen Turai, in ta shiga ɗaya ce, da zarar jirgi ya fita zuwa Kusadasi ta Turkiyya ko Kotor ta Montenegro ko Tunis, bizarsa ta mutu, ba zai tari jirgi a Girka ko Italiya da ita ba. Haka wanda aka bari a Maskat da bizar Daular Larabawa mai shiga ɗaya, wadda ya riga ya cinye ranar da ya sauka Dubai. Ko sauya jirgin sama a Turai ba kyauta ba ne: Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da ake neman bizar ratse a filayen jiragen Shengen, sai fa wanda ke riƙe da bizar Shengen mai rai ko wata daga cikin waɗanda aka keɓe, kamar ta Amurka ko Kanada. Amurka kuwa mai koren fasfo ba ya ratsa ta sam ba tare da biza ba. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa ɗan Najeriya yana da sauƙi, tun da ƙasashen ECOWAS irin su Gambiya da Senegal da Ghana ba sa neman biza a wurinsa. Sai dai Sao Tome ba ta cikin ECOWAS.

Saboda haka, kafin a biya kuɗin tikiti, a zauna da jerin tashoshin, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: in aka bar ni a nan, da wace takarda zan kwana, kuma da wace zan isa tasha ta gaba? A nemi biza mai shiga da yawa, mai kwanakin da suka zarce na tafiyar da aƙalla mako guda. Tashar da amsarta ta gagara, ranar a bi yawon kamfani ko a zauna a jirgi. A kuma lura da tashar da ke gaban doguwar tafiya: wanda aka bari a tsibiran Kanariya a kan hanyar tsallaka Atlantika, sai bayan kwana biyar ko shida jirgin zai sake ganin ƙasa.

In an ga alamar makara, a kira wakilin tasha tun ana kan hanya, a faɗi suna, lambar ɗaki, inda ake da mintunan da suka rage. Kyaftin da ya san mutum yana minti goma daga ƙofa yana iya ɗan jinkirtawa. Wanda ba a ji ɗuriyarsa ba, ba wanda zai jira shi. In kuma an iso an tarar ya tafi, kada a ɗauki kwale-kwale a bi shi, fasinjojin Sao Tome an kai su har gefen jirgi aka dawo da su. A nemi wakili a ofishin tasha, a karɓi fasfo, a je wurin jami'an shige da fice su buga hatimin shiga, in ba haka ba a filin jirgin sama za a tsaya ana tambayar yadda aka shigo. Kada a sayi tikiti sai kamfani ya tabbatar a rubuce cewa zai karɓi mutum a tashar da yake nufi. A zaɓi tashar da za a isa da tazarar kwana guda, ko da ba ita ce ta gaba ba.

Inshorar da ake yi don bizar Shengen, mai yuro 30,000, ta asibiti ce da mayar da mara lafiya gida. Ba ruwanta da wanda jirgi ya bari. Ana buƙatar wadda ta ambaci rasa tashin jirgi a tasha, ita ma yawanci tana biya ne in dalilin lalacewar mota ne ko haɗari ko tsayawar sufurin gwamnati, ba mantuwa da agogo ba. A karɓi shaidar jinkiri a rubuce daga direba ko tashar jirgin ƙasa, a adana kowane rasit.

Masu tafiya da iyali, kada uba ya riƙe fasfon kowa da kuɗin kowa alhali an rabu gida biyu a gari. Kowane babba ya riƙe nasa da lambar wakili. In an bar yara a wurin renon jirgi, ɗaya daga iyaye ya zauna a ciki, ko duka biyun su bi yawon kamfani. Kayan da ke ɗaki kuwa, in mutum bai sake hawa ba, ma'aikata za su tattara su a ajiye a tashar ƙarshe ko a aiko masa, kuɗin aikowa kuma shi zai biya.

Wassalam.

Mai karatu daga Kano.