Kiɗa ya samu dandamali a Jidda, amma unguwannin da suka raine shi sun tafi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah a ba ni ɗan fili. Kullum in jaridun gida za su ambaci Hausawan Saudiyya to ko dai an kwaso mutane daga tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora gida, an sauke a Kano, ko rigimar kuɗin kujerar Hajji, shi ke nan an gama da mu, sai ka ce mu nan ba ma aure ba ma suna ba ma dariya. Ni yau maganar kiɗa ce ta kawo ni, kiɗan da ake bugawa da hannu a gabanka kana jin sa har cikin ƙirji, ba na waya ba.

Duk wanda ya zauna Jidda a da ya san kiɗa a fili ba abin wasa ba ne. Sai a 2016 aka karɓe wa 'yan Hai'a, wato 'yan Hisbar Saudiyya, ikon kama mutane, a shekarar kuma aka kafa hukumar nishaɗi, daga 2017 mawaƙa suka fara hawa dandamali a bainar jama'a. Yanzu kam lamari ya juya. Ka shiga Balad, tsohon garin nan da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, musamman cikin azumi bayan tarawihi, mai balila, wani dafaffen wake, yana rera tallarsa da murya kamar mawaƙi, mai soya hanta yana ƙwanƙwasa ƙarfe a kan kasko yana bin sautin, jama'a maƙil har sahur, har gidan tarihi aka buɗe a can da sunan marigayi mawaƙi Ɗariƙ Abdulhakim don adana kayan kiɗan ƙasar.

Abin da ya fi jan mutane shi ne mizmar, rawar sandan mutanen Hijaz, ita ma UNESCO ta karɓe ta a 2016. Ga wanda bai taɓa gani ba, maza ne ake jerawa sahu biyu suna fuskantar juna cikin farar jallabiya da rawani ruwan ɗorawa, masu ganga na zaune a gefe, ɗaya ya ba da waƙa sauran su amsa da tafi, sai mutum biyu su fito tsakiya kowa da doguwar sandarsa suna juya ta suna zagaye juna, in sun yi nasu su koma wasu biyun su fito. A asalinta wuta ake hurawa a tsakiyar fili, in fatar ganga ta saki a kara ta jikin wutar ta ɗaure a ci gaba. Wallahi ranar da Bahaushe ya fara tsayawa a wurin ba sai an yi masa bayani ba, kafin ya ankara ƙafarsa ta fara motsi, don wannan ba da waƙa da amshi da yadda gangar ke tashi abu ne da kunnenmu ya sani tun muna goye. Su kansu mutanen nan da yawa ba sa musun cewa akwai hannun mutanen Afirka a cikinta, kuma in ka tambayi sunayen masu bugawa ba za ka rasa Hausawi da Fallata da Barnawi ba, jikokin waɗanda suka tako da ƙafa ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya suka yi Hajji suka zauna. Irin yadda tsirenmu ya zama siriyya a Makka da Jidda har wasu yaran Larabawa na zaton abincin kakanninsu ne.

To ina matsalar take? Ai wannan kiɗan ba a dandamali ya girma ba, a hara ya girma, a lungu, inda yaro zai tsaya bayan manya yana tafi shekara da shekaru kafin a yarda ya taɓa ganga. Kuma lungunan sun tafi. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni gommai a Jidda, Karantina da Gulail da Bitrumin da Sabil da Hindawiyya da sauransu, wuraren da mutanenmu suka fi yawa, sai ka tashi da safe ka ga an rubuta ikhla da jan fenti a bango, wato a kwashe a tashi. Ba ina cewa unguwannin ba su da aibu ba, akwai ƙazanta akwai cunkoso akwai miyagu, duk wanda ya zauna can ya sani. Amma da aka watse, mai kalangu ya koma Makka wajen ƙanensa, masu amshinsa ɗaya ya nufi bayan gari inda haya ta ɗan fi sauƙi ɗaya kuma da ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ya tattara ya koma gida, to wa zai haɗa su kuma?

Namu na Hausa tsantsa shi ya fi shan wahala, don mizmar ko ba komai ta samu gata, hukuma na kiran ƙungiyoyinta wajen bukukuwa ana biyansu. Kiɗan ƙwarya fa? A da in ana suna a Karantina mata za su cika baho da ruwa su kifa ƙwarya a kai, wata ta kifa tata a ƙasa, a sa 'yan sanduna a fara, tsohuwa guda na ba da waƙa tana tsokanar kishiyoyi da dangin miji ana shewa ana liƙa riyal ɗai-ɗai a goshi, maƙwabta Yamalawa da 'yan Chadi ba mai cewa uffan don gobe su ma nasu za su yi. Kwanaki aka yi sunan jikar yayata a shagga, wato sashen gidan bene, hawa na uku, an rufe tagogi ruf an kunna na'urar sanyi, an shimfiɗa bargo ƙarƙashin bahon wai kada na ƙasa su ji, duk da haka ko waƙa biyu ba a gama ba haris mai gadin gidan ya hau yana buga ƙofa wai an kai ƙara. Tsohuwar da ke ba da waƙar ta zare hannunta daga ruwan ta goge a zane ta ce “to ku kunna na wayar”, aka kunna ƙasa-ƙasa, kowa ya koma kan shinkafarsa.

Mu ma dai da namu laifin, kada a ce hukuma kawai. Mutum zai kama istiraha, gidan biki na haya, ta dubban riyal don bikin 'yarsa, a yanka raguna a cika faranti da mandi, amma in aka ce a kira makaɗi sai ya ce tsada, gara DJ ya zo da kwamfuta da sifika ya saka waƙoƙin fim na Kano. Ban ƙi waƙar fim ba ina ji a mota, sai dai ita ba ta san sunan kakan amarya ba, ba za ta ce ga 'yar gidan wane mutumin Gumel da ya zo a jirgin ruwa ba, shi kuwa maroƙi da mai kalangu aikinsu ke nan, su tuna wa yaron da aka haifa a nan wanda Larabci ya fi Hausa a bakinsa cewa yana da tushe. Na san akwai malamai da ke ganin duk wannan bai halatta ba, ban zo jayayya da su ba, wanda ya bari don Allah, Allah ya ba shi lada. Amma mafi yawanmu ba don taƙawa muka bari ba tunda ga DJ nan yana girgiza bango har asuba.

Roƙona biyu ne Malam Edita. Kowace shekara kuna turo wakilai aikin Hajji, to idan an sauko daga Mina an huta, dan Allah wakilinku ya ware yini guda, jirgin ƙasan Haramaini daga Makka zuwa Jidda bai kai awa ɗaya ba, ya nemi tsofaffin nan maza da mata ya ɗauki muryarsu da hotonsu tun suna raye, akwai baitocin da ko a gida an manta da su amma suna nan a bakin tsofaffin Takari. Shugabannin al'ummarmu na nan kuma, yadda ake haɗa kuɗi in an yi rasuwa ko an kama wani, a riƙa haɗawa ko sau ɗaya bayan kowace Sallah a kama istiraha a bayan gari inda ba haris ba maƙwabcin ƙasa, a kira masu kalangu da masu ƙwarya a biya su haƙƙinsu da mutunci, a zo da yara su zauna a gaba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Daga mai karanta ku a Jidda, Saudiyya