Wasiƙar godiya ga kamfanin da ya riƙe mana sauti a daren waƙoƙin Kirsimeti

Zuwa ga Manaja da dukan ma'aikatan kamfanin kayan sauti da hasken wuta da suka yi aikin taron waƙoƙin Kirsimeti na bana a nan Jos.

Ranka ya daɗe Manaja,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Muna fata kai da iyali da yaran aikinka kun ga ƙarshen shekara lafiya, kun kuma huce gajiya, ko da yake mun san a watan Disamba masu sana'arku ba su san hutu ba.

Ni aka ɗora wa rubuta wannan wasiƙa a madadin masoyan mawaƙin da ya tara mu a daren nan. Mu ba wata ƙungiya ba ce mai ofis da hatimi. Mata ne da maza daga Tudun Wada, Anguwan Rukuba, Dadin Kowa da Bukuru, har da waɗanda suka taso takanas daga Mangu da Pankshin, kuma son waƙoƙinsa ne kaɗai ya haɗa mu. Shi mawaƙin mun gode masa a filin, mun gode masa a Facebook, ya sha tafi kuma ya cancanta. Amma da muka zauna bayan sujadar Lahadi muna maimaita yadda daren ya kasance, sai muka lura duk wanda ya buɗe baki abu ɗaya yake fara faɗa, wato an ji kowace kalma. Wannan kuwa aikinku ne, ku da kuke can bayan teburinku cikin duhu ba wanda ya tafa muku. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa muka ce a rubuta a inda kowa zai karanta.

Wanda bai san Filato ba zai yi mamakin a rubuta wasiƙa guda a kan jin kalma. A filin nan akwai Birom, akwai Ngas, Tarok, Mwaghavul, Afizere, Anaguta, Irigwe da Goemai, ga 'yan Kudancin Kaduna da na Adamawa da suka daɗe da zama 'yan gari. Kowa da harshen da ya sha a nono, amma in za mu yi wa Allah waƙa da murya ɗaya, da Hausa muke yi. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da ita kakanninmu suka koyi karatu, da ita suka haddace waƙoƙin sujada, kuma har gobe in ka shiga majami'un COCIN da na ECWA, waɗanda hedkwatarsu duka tana nan Jos, za ka tarar da sujadar Hausa cike da mutane. Mawaƙinmu da Hausa ya fi yin waƙa, yana ɗan sirkawa da Turanci da harsunan gida. Tsohuwar da ta bar ɗumin ɗakinta ta fito cikin hunturu ta zo ne ta ji labarin haihuwar Almasihu daga bakin yaron da take ƙauna, ta amsa masa. In kalmominsa suka nutse cikin ganguna, an yi mata asarar daren.

Mun sha irin wannan asarar. Akwai wata al'ada da ta shigo mana, a majami'a da wajen biki duka, wai ƙarfin lasifika shi ne gwaninta. A yi ta murɗawa har ƙirjin mutum ya riƙa rawa, jarirai na tsala ihu, makirufo na ƙugi, mawaƙi na ta buɗe baki ba ka san me yake cewa ba. A tashi taro kowa kunnensa na ƙara har washegari. Ni dai ban taɓa ganin inda wannan ya ƙara wa wani ibada ba.

Ina cikin masu jera kujeru, saboda haka na ga aikinku tun da hantsi. Injiniyanku ya sa wani yaro ya tsaya a kan dandamali yana magana da muryarsa ta hira, shi kuma ya yi ta zagaya filin, ya tsaya a wannan kusurwa ya saurara, ya koma waccan, ya zauna a kujerar ƙarshe ya rufe ido. Ba ku jibge lasifikoki duka a gaba ba, kun kafa wasu a tsakiyar filin. Da na tambaye shi dalili, bai raina tambayata ba. Ya ce, "Mama, sauti tafiya yake yi a iska, kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In lasifikar tsakiya ta yi magana lokaci ɗaya da ta gaba, na baya zai ji murya biyu suna bin juna. Sai mu ɗan jinkirta ta tsakiyar, su iso kunne tare." Ya ce ta haka ba sai an kurmantar da na gaba ba kafin na baya ya ji. Da dare na ga gaskiyar maganarsa, domin dattawan da muka zaunar a layin farko ba wanda ya toshe kunne, na can ƙarshe kuma suna amsa waƙa daidai da baiti.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda kuka yi da tulu. Mawaƙin ya gayyaci matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, su hau su yi waƙa tare da shi, kuma mun san yadda aka saba yi musu. A ba jita wayarta, a ba kibod tasa, a kewaye ganguna da makirufo, sannan a bar matan da guda ɗaya su yi ta fama, tulun kuwa ko kallonsa ba a yi. A wajen gwaji sai wani yaronku ya zo ya durƙusa gaban mai buga tulun, dattijuwa ce da ta haifi irinsa, ya ce, "Mama, ki buga yadda kike bugawa a majami'a, kada ki ƙara ƙarfi saboda ni." Ta buga. Ya matso da makirufo kusa da bakin tulun, ya ɗaga wa na kan tebur hannu, ya sake ja da shi baya kaɗan, ta sake bugawa. Ya ce masu caki su ɗan matsa gefe don kada su danne muryoyi. Bai tashi daga durƙuson nan ba sai da amon tulun ya fito da zurfinsa, irin wanda muke ji tun muna goye. Matar ta dube shi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Da suka hau da dare cikin zannuwansu iri ɗaya, bugun farko kawai ta yi filin ya ɗauki guɗa.

Shi mawaƙin kuma, bari mu faɗi nasa a nan ma, domin aikinku da nasa ba su rabuwa. Ya hau a lokacin da aka ce, da muryarsa ya yi waƙa daga farko har ƙarshe, ba faifai aka kunna yana motsa baki ba, kuma sanyin daren bai hana shi kai muryar inda yake so ba. Tsakanin waƙoƙi yana ba da labarin makiyayan da ke tsaron garkensu da dare, da masaukin da ba a samu ba a Baitalami, a hankali, ba tare da ihu ba. Can sai ya ɗauko wata tsohuwar waƙar Kirsimeti da kowa ya koya tun makarantar Lahadi. Ya yi baiti ɗaya, ya sauke makirufo daga bakinsa, ya miƙa shi wajen jama'a. A nan ne muka gane akwai mai hankali a kan tebur. Nan take injiniyanku ya rage jita da ganguna, ya bar kibod da tulu ƙasa-ƙasa, muryoyin mutane suka taso suka cika filin. Na ga wani dattijo da sandarsa ya miƙe yana rera ta da ka, jikarsa na riƙe da hannunsa tana kallon bakinsa. Mutane sun ji kansu suna waƙa, abin da ba kasafai ake barinmu mu ji ba a irin wannan taro. Da an bar kiɗan yadda yake, da wannan lokacin ya wuce ba wanda ya san an yi shi.

Mun kuma lura da fitilar da kuka ware wa budurwar da ke fassara wa kurame da hannu. Ba ta cikin tsarin farko, a wajen gwaji aka tuna da ita, ba ku ce lokaci ya ƙure ba. Duk canje-canjen launin da ake yi a kan dandamali, nata hasken fari ne tsayayye, 'yan uwanmu da ba sa ji suka bi waƙoƙin a hannunta har ƙarshe.

Ga kuma hunturu. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma duk wanda ya kwana a nan a ƙarshen Disamba ya san sanyin da ke sauka bayan faɗuwar rana. Mu muna cikin rigunan sanyi da huluna da barguna, masu shayi da masa suna ta ciniki a bakin ƙofa, yaranku kuwa suna tsaye a iska hannu ba safa saboda maɓallai. Kun sa wa makirufo soso don kada iska ta riƙa hurawa a ciki, kun rufe na'urori saboda ƙura, kun danne wayoyi da tabarmin roba a duk inda mutane ke wucewa, ba tsohuwar da ta harɗe, ba yaron da ya taɓa abin da zai ja shi. Janareta kuwa kun kai shi can bayan katanga, ba mu ji ƙararsa ba, ba mu shaƙi hayaƙinsa ba, ga wani janaretan a gefe yana jira ko da ta-kwana. Masu shirya taron sun gaya mana lokaci ya zarce yadda aka yi da ku, amma ba ku ƙara ko kwabo a kan abin da aka yi ciniki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin ɗauko kaya da na komai ya tashi, saboda haka mun san daga aljihunku wannan alherin ya fito.

Akwai abin da sai ɗan garin nan zai gane nauyinsa. Fitowa taron dare a lokacin Kirsimeti ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi wayo yana tuna jajibirin Kirsimeti na 2010, da bama-bamai suka tashi a Anguwan Rukuba da Gada Biyu. A jajibirin 2023 kuma aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi, kuma a cikin waɗanda suka zauna a filin nan akwai waɗanda suka binne 'yan uwa a lokacin. Mawaƙin ya tsaya ya yi musu addu'a, aka yi shiru, ku ma kuka kashe duk wani kiɗa. Mutanenmu in sun shiga taro, ƙofar fita suke fara dubawa. Ku kuwa ba dandamali kaɗai kuka haska ba, kun haska ƙofofi, kun haska hanyar bayan gida da wurin ajiye motoci, kuma ba a ji wata ƙara ta ba-zata da za ta firgita mutane ba. Da aka tashi, ba ku yi gaggawar kwance kaya ba, fitilu suna kunne har sai da na ƙarshe ya samu abin hawa. Iyaye mata da yawa sun ce wannan ne ya kwantar musu da hankali, har suka zauna da yaransu aka gama da su.

Mun ga kuma cewa yaran aikinka ba duka Kirista ba ne. Da aka kira Magariba, wasu daga cikinsu suka miƙa wa abokan aikinsu abin da ke hannunsu, suka je suka yi salla, suka dawo suka ci gaba. Wanda ya durƙusa gaban mai tulu yana cikinsu. Ya yi mana aikin sujadarmu da amana kamar tasa ce, kuma ba mu ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ka gaishe mana da shi musamman, ka gaya masa matan Zumunta suna ta sa masa albarka.

Garin nan ya daɗe da sanin darajar sana'arku. Iyayenmu suna ba mu labarin ɗakin ɗaukar murya na Muryar Bishara a nan Jos, inda ake ɗaukar waƙoƙi da wa'azi da Hausa a watsa su ta rediyo daga Addis Ababa. A nan Panam Percy Paul ya zauna ya yi ta horar da mawaƙa da makaɗa. A nan marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya riƙa riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, domin mutane suna jin abin da yake faɗa. Kunnen mutanen Jos ya saba da abu mai kyau, kuma aikinku bai ba mu kunya ba a gaban baƙin da suka zo daga Abuja da Kaduna.

Muna da roƙo guda biyu. Jama'a sun fi yadda aka zata, wasu suka tsaya a waje, kuma su ba su ji sosai ba. In Allah ya kai mu baɗi, a taimaka a juya ko da lasifika ɗaya ce ta fuskanci ƙofa. Na biyun ya fi girma. A kusan kowace majami'a akwai samari masu zama a kan na'urar sauti duk Lahadi, suna da himma amma ba wanda ya taɓa koya musu. In za ka ware musu yini ɗaya, injiniyanka ya nuna musu abin da ya nuna mini, mu za mu nemi wuri, mu dafa abinci, mu tara su daga unguwanni. Mun riga mun fara magana da fastocinmu, amsarka kawai muke jira.

Allah ya sa albarka a kasuwancinku, ya tsare ku a hanya ku da kayanku, ya saka wa kowane ɗaya daga cikin yaranka da alheri. Barka da Kirsimeti, barka da sabuwar shekara.

Taku cikin godiya,
Ɗaya daga cikin masoyan mawaƙin, a madadin sauran,
Tudun Wada, Jos.