Abba, kada ka raina alƙalamin da aka miƙa maka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyin Ohio? Mu nan lafiya lau, Alhamdulillahi.

Na saurari saƙonka har sau uku, kuma na ji ɓacin ran da ke cikin muryarka. Ka ce kai ka kawo shawarar ku haɗa kuɗi ku biyar, ku riƙa sayen motoci kuna turowa gida, amma da aka zo rabon muƙami sai aka ba abokinka shugabanci saboda kowa ya san shi, kai kuwa aka ce ka riƙe littafi. Har kana tunanin janye hannunka. Kafin ka yi haka, ka ba ni aron kunnenka, zan ba ka labarin wani abu da ya faru a jihar da kake zaune, wanda na tsinta tun ina ɗalibi a can.

Ka ga ƙwallon nan nasu mai kama da zari-ruga, wanda in ana wasan ƙarshe gari kan yi tsit? A shagon sayar da motoci aka haifi gasarsa. Ranar 17 ga Satumba, 1920, masu kulob-kulob suka taru a garin Canton, a shagon wani dillali mai suna Ralph Hay, wanda shi ne mai kulob ɗin Canton Bulldogs. Kujeru ma ba su isa ba, wasu a jikin motocin suka zauna. Abin da ya tara su kuwa damuwa ce: 'yan wasa na tsalle daga wannan kulob zuwa wancan, duk wanda ya ƙara musu dala shi ne ubangida, albashi na ta hauhawa, masu kulob na ta asara.

Da aka zo zaɓen shugaba, sai suka ɗauki Jim Thorpe. Ba wanda zai ce ba su da hujja. Mutumin nan ɗan asalin ƙabilun Amurka na farko ne, ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912 a Suwidin, sunansa kaɗai ya isa ya sa jaridu su waiwayo su. Amma Thorpe ɗan fili ne, a wannan shekarar ma yana buga wa Canton wasa. Ofis ba wurinsa ba ne.

To dubi yadda kakar ta kasance. An yanka wa kowane kulob dala 100 kuɗin shiga, ba a ga wanda ya biya ba. Babu jadawali, kowa shi ke nemo wanda zai kara da shi, har da kulob ɗin da ba sa cikin ƙungiyar. Cikin kulob 14, wani ya buga wasa fiye da 10, Muncie Flyers kuwa wasa ɗaya suka yi a gasar, aka lallasa su 45 da nema, shi ke nan. An yi alkawarin ba mai ɗaukar ɗan wasan wani, amma a wani wasa na watan Disamba, da Decatur Staleys ta koci George Halas za ta kara da Akron Pros a Shikago, sai ga Paddy Driscoll, gwarzon wani kulob daban mai suna Cardinals, sanye da rigar Staleys. Aka tashi canjaras, ba wanda ya ci. Akron ta gama da nasara 8, kunnen doki 3, ba a doke ta ko sau ɗaya ba, maki 7 kacal aka ci ta duk shekarar. Duk da haka Decatur da Buffalo suka ce su ma suna da haƙƙi a kambun. Ba a yanke magana ba sai ranar 30 ga Afrilu, 1921, kuma da ƙuri'a a teburin taro. Kofin da aka ba Akron ma daga baya ya ɓace, har yau ba a san inda yake ba.

A wannan taron ne suka sauke Thorpe suka ɗora Joe Carr. Wane ne shi? Marubucin labarin wasanni daga Columbus, mai kula da wani kulob na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ba ya cika fili da 'yan kallo. Amma shi ya zauna ya rubuta musu tsarin mulki, ya fito da takardar kwantiragi iri ɗaya ga 'yan wasa, ya sa aka fara ajiye teburin sakamako. Da kulob ɗin Green Bay Packers ta karya doka ta saka ɗaliban jami'a a wasa, an ƙwace mata rajista sai da ta sake nema. A 1922 aka sauya sunan ƙungiyar zuwa NFL, sunan da babbar gasar ƙwallon nasu ke amsawa har yau, Carr kuwa ya riƙe ta har ya rasu a 1939. Shekara ɗaya tak suka yi da mai suna, sannan da ƙafarsu suka je neman mai alƙalami.

Akwai wani mutum a wannan kakar da ba na iya tunawa da shi ba tare da zuciyata ta sosu ba. Fritz Pollard, baƙar fata, shi ne ƙashin bayan Akron. 'Yan kallo na zaginsa, abokan hamayya na neman karya shi, sau da yawa ba a ɗakin 'yan wasa yake sauya kaya ba. A 1921 ya zama baƙar fata na farko da ya yi koci a gasar. Daga 1934 zuwa 1945 aka rufe wa baƙaƙe ƙofa gaba ɗaya, kuma ba a sa sunansa a gidan tarihin gwarzaye na Canton ba sai 2005, shekara 19 bayan rasuwarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai baƙo ne a ƙasar nan, Abba. Inda ba rubutu, mai ƙarfi da ɗan gari su ake saurara, gumin baƙo kuwa shi ake fara mantawa. Wannan ne ke hana ni barci a kanka.

Saboda haka ka karɓi littafin. Tun kafin a sayi mota ta farko, ku zauna ku rubuta abin da kowa ya zuba, yadda za a raba riba, wanda zai ɗauki asara in mota ta lalace a ruwa ko ta maƙale a tashar jirgi, da yadda mutum zai fita in ya gaji. Kowa ya sa hannu, a samu shaidu, a nuna wa lauya. In wani ya ce ai duk 'yan'uwa ne, rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Ni na taɓa haɗa jari da wani aminina ba takarda, muka rasa kuɗin, muka rasa zumuncin, kuma rashin zumuncin ne ya fi yi mini ciwo har yau.

Abokinka kuma kada ka riƙe shi a zuciya. Bar shi ya shiga gaba, ya yi magana da mutane, ya jawo masu saye, wannan ma aiki ne kuma kuna bukatarsa. Ka girmama shi a gaban jama'a. Amma sisin kwabo kada ya fita sai ya ratsa ta littafinka, kuma kowane wata ka buɗe shi kowa ya gani, ko ba su tambaya ba.

In ka samu hutu ka je Canton, tafiyar ba ta da nisa daga wajenku. Ka nemi inda aka ajiye sunan Carr da na Pollard, ka ɗauko mini hoto. Ummanku na gaishe ka, ta ce kilishin da ta aiko ka ɗiba wa abokan naka. Ka turo mini daftarin yarjejeniyar in duba kafin ku sa hannu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka.

Mahaifinka.