Godiya ga garejin gyaran babura na bakin titi a Kwanar Ɗangora

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai garejin da ke ƙarƙashin rumfar kwano a Kwanar Ɗangora, daidai inda hanyar Tudun Wada da Jos ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. Oga na ji yaranka suna ce maka, ni ma da shi zan kira ka. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda masu bin hanyar nan a kan babur suna da yawa, kuma ya kamata su san inda ake aiki da gaskiya.

Sana'ata kai wa manoman shinkafa na Kura da Kadawa iri da maganin feshi, daga Zariya nake ɗaukowa a kan Boxer ɗina. Ranar da na zo wajenka an wuni ana ruwa irin na watan Agusta. Babur ya fara shaƙewa, in na murɗa totur sai ya yi kamar zai tafi ya koma ya lafa, daga baya ya mutu murus. Na yi ta buga kik har ƙafata ta yi tsami. Da turi na iso rumfarka, magariba ta kawo jiki, kun ma fara tattara sifanu.

Duk mai babur ya san yadda ake yi wa baƙon da dare ya ritsa da shi a hanya. Kafin a taɓa komai za a ce maka koyil ya ƙone, ko a lissafo maka kayan da sai an canza, kai kuma ba ka da bakin musu. Kai ba ka yanke hukunci ba sai da ka duba. Ka kwance fulogi, ka ɗora shi a jikin inji, ka ce yaronka ya buga kik, muka ga wuta shuɗiya tana tartsatsi. Ka ce, "Alhaji, wutarka lafiya lau, mu duba mai." Ni ba Alhaji ba ne tukuna, amma na ce amin a zuci.

Sai ka yanke gindin gorar ruwa, ka tara a ƙarƙashin kafireta, ka sassauta ɗan sukurun da ke ƙasa. Da man ya zubo ka ɗaga gorar a hasken tocilar waya, ga ruwa nan kwance a ƙasa, fetur yana bisa, layin da ya raba su a fili kamar an ja da biro. Ka bayyana mini cewa ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake taruwa a gindin tanki da kwanon kafireta, inji ya riƙa zuƙarsa maimakon mai. Ka nuna mini robar murfin tankina da ta tsage, ka ce ta nan ruwan sama yake shiga, ko da yake wani lokacin daga jarkar 'yan bumburutu ake kwaso shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka zubar da man tankin ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita ciwo ce a aljihun talaka. Ka juye shi a galan, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye mai kyan ka mayar mini, gurɓataccen kaɗai ka ajiye don wankin kayan aiki. Ka wanke jet, wato ɗan ƙarfe mai huda da mai ke bi a cikin kafireta, ka yanko robar tsohon tib ka yi wa murfin sabon gaskit, ka kuma ɗaure mini cen da ya saki ba tare da na roƙa ba. Bugu ɗaya babur ya tashi.

Kuɗin aiki kawai ka karɓa, na ƙara wa yaron da ya riƙe tocila na shayi, ka ce ya yi yawa. Muka yi sallar magariba tare kafin na kama hanya.

Shawara ɗaya gare ka, Oga: ka kafa allo, ko ɗan ƙarami ne, ka sa fitila mai sola a bakin rumfar, domin wanda ya taho daga Zariya da duhu zai iya wuce ku bai gani ba.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya yaye yaranka lafiya, ya tsare mu a hanya baki ɗaya.

Naka,
Mai sayar da iri da maganin feshi, daga Zariya